Azumin Tahir a Kan Uhudu

Aziziyya, Madina

Zuwa ga Iyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu mai jego Sundus da jaririn. Yaya zafin Yanbu? Nan ma rana kamar ta dafa mutum. Na ba Mu'azzam direba wannan takarda ne don maganar ba ta waya ba ce, surukinki yana jin komai.

Kin san iƙamar aminina Tahir, wato takardar izinin zamansa a ƙasar nan, ta zo ƙarshe. Tunda ya yi ritaya kafilinsa, mai ɗaukar nauyin zamansa, ya buga masa takardar fita ta dindindin, ƙarshen wata zai koma Damagaram. To, shekaranjiya sai ga shi a majalisarmu ta tsofaffin ma'aikata, wai a hau dutsen Uhudu ranar Litinin don a yi masa ban kwana. Usmanu shugabanmu, da ba ya iya cewa a'a, ya amince nan take.

Iyatu, hankalina bai kwanta ba. Mutumin da likita ya hana shi hawa bene saboda zuciya, shi ne zai ja mutane kan dutse a tsakiyar bazara? Jiya na je ɗakinsa. Babu dabino ko ƙwaya, babu jarkar zamzam, babu ko carbi na tsaraba. Kin taɓa ganin Bahaushen da zai bar Madina ya koma gida hannu rabbana? Na tambaye shi, ya yi dariya ya ce akwai lokaci. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ki tuna tun da aka kai matarsa Raudatu maƙabartar Baƙi'a, addu'arsa ɗaya ce: Allah Ya ɗauki ransa a garin Manzo. Yanzu ga jirgi yana jiransa. Ina tsoron ba ban kwana da mu zai hau yi ba. Allah Ya yafe mini idan zato ne, amma ba zan ɗauke ido daga kansa ba.

Kada ki ce min ciwon gwiwata, na riga na sayi takalmi.

Ki shafa min kan yaro.

Mijinki,
Maigandi

Aziziyya, Madina

Zuwa ga Iyatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya. Na san labari ya riga takardata zuwa, bakin Usmanu ba ya riƙe komai. Ki kwantar da hankali, an sallame ni daga asibiti, ina cin tuwo. Ga yadda abin ya faru kafin a ƙara masa gishiri.

Mun kama hanya bayan sallar asuba, tsofaffi kowa da sandarsa, ana ta cika baki. Usmanu ya raba ruwa, sai Tahir ya mayar da nasa wai yana azumin Litinin. Azumin nafila a kan dutse, ga ciwon zuciya! Na karɓi gorarsa na haɗa da tawa, na ce a raina duk lokacin da ya yanke jiki zan ɗura masa ko yana so ko ba ya so.

Daga nan na zame masa jela. Ya tsaya in tsaya, ya zauna in zauna. Har bayan wani dutse na bi shi, ashe fitsari zai yi, ya juyo ya harare ni. Da rana ta ɗaga sauran suka nemi inuwa suka zube, shi kuwa ya ce zai ƙara gaba inda ake hango hasumiyoyin Harami. Na bi shi, ina haki kamar tsohon inji. Ban kurɓi ruwa ba ko sau ɗaya, wai ina yi wa Tahir tanadi. Ki yi dariya, na ba ki izini.

Da muka isa ya zauna yana kallon gari, bakinsa yana motsi, bai ko lura da ni ba. Leɓɓansa sun bushe, fuskarsa kuwa a sake take, irin yadda ban gan ta ba tun rasuwar Raudatu. Wannan ya fi komai tsorata ni. Na yunƙura in yi masa magana, sai garin ya juya, na ji ƙasa a kumatuna.

Ban suma gaba ɗaya ba, ina gani sama-sama. Wayarsa ba ta kamawa a wurin, ya ƙwala kira ba wanda ya ji. Ya jiƙa min kai, ya ba ni ruwa, ya gwada ɗaga ni ƙafafunsa suka ƙi. Sai ya zauna riƙe da gorar, ya daɗe yana kallon Harami. Sannan ya yi bisimilla ya kafa kai ya sha. Ya laluba aljihu ya haɗiye maganinsa, ya sa kafaɗarsa a hammatata, muka gangaro har inda su Usmanu suke.

A asibiti ya zauna bakin gadona yana min tsiya, wai ni da nake ɗan ƙasa ina da wurina a Baƙi'a ba mai korata, shi ne zan yi masa shigar layi. Na yi dariya har ƙirjina ya yi zafi, da ya fita kuma na yi kuka.

Ban tambaye shi niyyar da ya hau da ita ba, kuma ba zan tambaya ba. Abin da na gani da idona shi ne ba wanda ya ɗura masa ruwan nan. Saboda ni ya sha, yana sane da cewa jirgin Damagaram ya zaɓa.

Ranar Alhamis zan raka shi filin jirgi. Ki dawo kafin nan idan Sundus ta yi ƙwari, ba na son in koma gida ni kaɗai.

Naki har kullum,
Maigandi