Allurar Tanderun Kaka

Zuru, 3 ga Nuwamba, 2006

Zuwa ga maigidana Japhet,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan. Yaya karatu, yaya zafin Birnin Kebbi? Ko 'yan matan makaranta sun sa ka manta da tsohuwar matarka?

Albishirinka! Abin nan da ka ɗaura mini a tanderu yana aiki. Sunansa ya ƙi zama a bakina, tamokopul ko mi, don haka na raɗa masa ango da amarya. Maƙwabciyata Fadima ta leƙo ta ga waya a cikin wuta, ta ce ko asiri na fara da tsufana. Na yi mata bayani yadda ka yi mini: waya biyu ce, kowace da irin ƙarfenta, aka murɗe kawunansu wuri guda, aure ba ko golmo, noman neman aure irin namu na Zuru. In kan ya ji zafi sai su haifi 'yar wutar lantarki, ita ke bin waya ta tura allurar ɗan akwatin da ka haɗa da ita. Ba batir, ba ruwanmu da NEPA. Da na ce irinsa ke tsaron wuta a kamfanin siminti, sai ta gyara ɗaurin zane kafin ta sake kallonsa.

Ka san idona ya daina rarrabe launin garwashi, shi ya sa burodina ke ƙonewa. Amma jan farcen da ka ɗiga a fuskar akwatin, ko daga ƙofar ɗaki ina hango shi. Allura na kaiwa wurin, sai in janye itace in zuba burodi. Babanka Ezekiel dai yana nan kan bakansa: in ya zo Kirsimeti ya tarar ina ƙona burodi, zai rushe tanderun ya kwashe ni zuwa bariki a Kaduna. Ni da aka binne cibiyata a Dabai! Ya zo ya gani.

Taka har kullum,
Kaka Magdalene

Zuru, 28 ga Nuwamba, 2006

Japhet,

Ina gaishe ka, amma gaisuwar yau ba ta da mai. Da fatan kana lafiya, don ina so ka ji wannan da ƙarfinka.

Ango da amaryarka sun koyi ƙarya. Zumuntar mata na coci suka ba ni aikin burodin taronsu. Na yi ta tura itace, allura ta ƙi isa jan farce, na ƙara, ta yi kamar ba da ita ake ba. Da ta ga dama ta isa, na zuba burodi, ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ko awaki sun shinshina sun wuce. Labari kuwa ya riga ni isa Kaduna, ban san bakin wa ya kai shi ba.

Kuma ban wulaƙanta kayanka ba. Da na ga akuya na lasar akwatin a ƙasa, ɗauke shi na yi na ɗora a bisa kan tanderu, wuri mai ɗumi, har da ƙyalle na shimfiɗa masa. Wanda aka yi wa wannan gata shi zai kunyata ni?

Gaskiya tsoro nake ji, jikana. A bariki mi zan yi, in zauna ina kallon bango? Ka amsa da wuri.

Kakarka,
Magdalene

Zuru, 27 ga Disamba, 2006

Zuwa ga maigida ran gida,

Barka da Kirsimeti! Ina fata ka ci shinkafa ka ƙoshi, ko da yake ka ƙi zuwa, wai jarrabawa.

Tun ranar da ka kira ni a wayar mai shago, kana dariya har da tari, na gane zancen. Ashe abin ba zafi kawai yake aunawa ba, bambancin zafin kai da na wutsiya, wato ƙarshen wayar da ke cikin akwatin, yake faɗa. Na ɗumama wutsiyar, bambancin ya ragu, allura ta yi nauyi. To, na sauke akwatin, na rataye shi a inuwa kusa da randa, inda akuya ba ta kaiwa. Mai dariyar tsohuwa dai, Allah ya ba shi tsawon rai ya gani.

Babanka ya iso ana jibi Kirsimeti, da guduma a bayan mota. Na zaunar da shi gaban akwatin, na ce aikinsa ya yi gadin allura, tunda soja ne. Mutumin da ya zo rushe tanderu sai ga shi tsugune, yana hana kowa giftawa. Allura na taɓa ja ya miƙe da ihu, "Mama, ta kai, ta kai!" kamar an ci ƙwallo.

Burodi ya fito ja-ja-wur, ƙamshi har bakin titi. Ya ci ɗaya a tsaye, ya ci na biyu a zaune, bai sake ambaton Kaduna ba. Jiya ya tafi. Kujerar gaba da ya share mini, kwalin burodi ne ya zauna a kai, har da ɗamara ya ɗaura masa.

Ka gaida malamanka. In ka zo hutu ka taho da waya mai tsawo, Fadima na son a ɗaura wa tandar masarta.

Matarka da ba ta zuwa ko'ina,
Kaka Magdalene