Waƙar Inna a Cikin Silin

Ranar Lahadi

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau da kyau. Ya maigidan, ya yara, ya ƙafar nan taki? Mu nan lafiya lau, in ban da rigimar Auta.

An ba su fom ɗin jarrabawar ƙarshe. Dole kowa ya zaɓi ɗaya, ko kiɗa ko Faransanci, kuma ranar Alhamis za a mayar da shi da sa hannun uba. Baba ya ce Faransanci, shi ke kai mutum ofis. Auta ta ce kiɗa, in ba haka ba ta daina cin abinci. Ni da allo kaɗai na sani aka ce in ja bakina. Na ce ai Faransancin ma mura ce, duk wanda ya toshe hanci ya iya. Ta jefe ni da takalmi.

To ga abin dariya. Makarantarsu ta ba ni gyaran silin na ɗakin kiɗa. Sai na yi fito na naɗa a tsohuwar wayata, na saita ta ta riƙa tashi ƙarfe sha ɗaya na safe, lokacin da Auta ke zama ita kaɗai tana gwaji. Na tura ta can ciki, na buga katako a kai. In ta ji rufi yana fito, da gudu za ta rungumi Faransanci. Baba ya huta, ni na sha dariya. Waƙar Inna na yi, wadda take yi in tana guga, don ita ta zo bakina. Farkonta kawai na riƙe, kin san ina ɗan shekara bakwai ta rasu. Don Allah kada ki tona ni.

Ƙanenki mai sa ki ciwon kai,
Tsokana

Ranar Talata

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Direban da ya kawo wannan zai jira amsa, ki daure ki rubuta.

Auta ba ta gudu ba. Jiya ta dawo, ta zauna wanke-wanke tana rera waƙar a hanci. Ina bakin ƙofa ina danne dariya, sai ta kai inda fitona ke tsayawa a waƙar, ta wuce. Ta ci gaba, Yaya. A tsakiya ta ɗan dakata, ta yi tari sau biyu ƙasa-ƙasa, ta ɗora. Tarin nan na san shi, na Inna ne.

Baba yana alwala, butar ta kuɓuce masa. Ya zo da ruwa a gemu ya tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce babu kowa, a sama ake yi. Ya ce tarin fa? Ta ce ai haka waƙar take.

Wata huɗu ke gare ta da aka ɗauki Inna, kuma tun ranar ba a sake waƙar nan a gidanmu ba. Ki faɗa mini don girman Allah, ke kika koya mata? In ke ce kika haɗa baki da ita don ku rama abin da nake muku, kun ci, na sallama. Ki dai faɗa.

Ƙanenki,
Tsokana

Ranar Alhamis

Yaya,

Salamu alaikum. Na ga amsarki, na karanta rantsuwarki sau uku. Na so a ce ƙarya kike.

Jiya da safe na koma ɗakin kiɗan na hau tsani na ɓalle katakon. Wayar a mace take, sanyi ƙalau. Na sa ta a aljihu, na leƙa cikin silin da tocila, babu komai sai yanar gizo da ƙusoshina. Na ƙi tafiya, na zauna a kan benci ina karanta duk abin da malam ya taɓa dukana a kai. Sha ɗaya ta yi, Auta ta shigo. Ni ban ji komai ba, wallahi. Amma ta karkata kai, leɓɓanta suna motsi, ɗakin kuma ya cika da ƙamshin zane mai zafi, irin na ƙarƙashin dutsen guga.

Nan na faɗa mata komai. Ko fushi ba ta yi ba. Ta ce ai tun ranar farko ta gane, fitona kamar buta ta huje. In na gama ne wata mata take karɓa, yanzu kuma ba ta jirana.

Na kai kaina gaban Baba. Na zaci mari, bai ko ɗaga hannu ba. Ya kira Auta, ya daina zancen ofis, roƙonta yake yi. Ya ce uwata, ki ɗauki Faransancin nan, ki fita daga ɗakin can. Ni ma na roƙe ta, har na ce zan wanke mata takalma shekara guda.

Ta ɗauki biro ta sa alama a kiɗa. Ta ce wanda ya zaɓi Faransanci ba a sake barinsa ya shiga ɗakin, ita kuwa kullum layi ɗaya ake ƙara mata, ba a kai ƙarshe ba tukuna. Baba ya ce, in aka kai ƙarshen fa? Ta ce ba ta sani ba, Baba. Ya karɓi biron ya sa hannu. Da safen nan ta mayar da fom ɗin.

Yaya, ni na fara wannan abin, ki yafe mini. Ke kika fi mu zama kusa da Inna, kin san tsawon waƙar. Auta ta kai wurin da murya ke sauka ƙasa bayan tarin. Saura layi nawa?

Ki gaida maigidan da yara, ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Tsokana