Bangon Gabas na Ɗakin Gwaggo

Funtua, Litinin

Zuwa ga Yaya Hansai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Gwaggo Ladidi da dukan mutanen Dayi.

Bayan haka, na dawo, na sauka wajen abokina Aƙilu. Kin san ƙafata. Agadas, Garwa, bakin teku a Kwatano, duk na taka da kyamara a wuya. Yanzu na daina ɗaukar hoton angwaye, kufai nake bi. Jiya na shiga tsohon gidan gurzar audugar da Baba ya yi dako a ciki. Yaya, tumfafiya ta fito a tsakiyar injin, tattabaru sun gaje ofishin manaja. Ƙarfen da muka zaci zai ga tashin duniya, tsatsa ta cinye shi. Na yi ta ɗauka, raina na gaya mini komai haka zai ƙare.

Na ji bangon ɗakin Gwaggo ya tsage. Don Allah kada ku yi yaɓe sai na zo. Tsagewar nake so in ɗauka yadda take.

Ƙanenki,
Maiwada

Dayi, Laraba

Maiwada,

Muna lafiya, mun gode Allah da ya dawo da kai. Amma kai, da hankalinka kuwa? Hadari ya fara haɗowa, kana cewa mu bar bango a tsage don ka samu hoto! Ɗakin nan ba kufai ba ne, mutum ke kwana ciki, har da minshari. Kakan Baba ya gina shi tun Turawa ba su zo ba, kuma abin da ya tsayar da shi, kowace shekara ana sa masa hannu. An kwaɓa ƙasa ta tsumu, ranar Lahadi mijina Sanda zai kira gayya.

Funtua zuwa Dayi har tafiya ce? Ka kai Agadas, nan ya gagare ka. Gwaggo ta ce in tambaye ka me ya hana ka ƙarasowa.

Yayarka,
Hansai

Funtua, Juma'a

Yaya,

Ina gaisuwa. Faɗanki ya iso, na ma yi kewarsa.

Tunda Gwaggo ta tambaya, yanar ido ce ta sauko mini a idanuna duka biyu. Hotunan da nake ɗauka ma Aƙilu ke gaya mini ko sun fito. Likita ya ce aiki za a yi, ni kuwa da na ƙetare sahara a bayan motar gishiri, tsoron wuƙarsa nake ji. Abin da ya fi damuna, in shigo gida Gwaggo na zaune cikin mata in kasa nuna ta. Shi ya sa nake ta zagaye. Na so in samu ɗakin a takarda kafin duhu ya gama rufewa.

A gaida kowa.
Maiwada

Dayi, Litinin

Maiwada,

Gaisuwa da fatan sauƙi. Na karanta wa Gwaggo. Ta zage ka, sannan ta yi kuka, ni ma na taya ta.

An yi gayya, an yaɓe bango uku. Da aka zo kan na gabas Gwaggo ta tare da sandarta, ta ce naka ne. Ba don hoto ba. Ta ce yaɓe ba ruwansa da ido, hannu yake so, kuma naka bai taɓa hawa bangon nan ba. Sanda ya jingina zana saboda ruwa, amma ba za ta daɗe ba.

In ka gama yaɓen, ni zan raka ka asibiti. An yi wa Malam Shitu tela irin aikin bara, yanzu da kansa yake zura zare a allura.

Sai mun gan ka.
Hansai

Funtua, Laraba

Yaya,

Na gode. Ku rufe mini ƙasar kada ta bushe, ranar Asabar ina motar farko.

Ki ce wa Gwaggo in na yi sallama, ita ta fara amsawa.

Ƙanenki,
Maiwada