Tabon da na ɗora wa murhun uwarta

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a fara zagina a daure a karanta har ƙarshe, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ɗan acaɓa ne, tsakanin Rurum da Rano nake haya. Bara muka rabu da matata, muna da 'ya ɗaya mai shekara biyar, zan kira ta Nana. Uwar ta koma gidan yayanta a Kibiya da yarinyar, tana suyar awara a ƙofar gida. Ranar kasuwa in na kai fasinja sai in biya in ɗauki Nana mu zaga, in mayar da ita kafin la'asar. Rannan na tsaya gaisawa da wani, hankalina na kan surutu, na sauke ta ta ɓangaren dama, ƙaurinta ya manne da salansa. Har yau ina jin ƙarar da ta ƙwalla. Maimakon in kai ta asibiti sai na yi irin namu na tasha, na shafa mata baƙin mai, na saya mata alewa ta yi shiru, na ajiye ta a soro na ja babur ko sallama ban yi ba. Ciwon ya ruɓe, sai da aka yi ta wankinsa a asibiti.

Ana cikin haka na ji uwar za ta koma Kano wajen gwaggonta, har da yarinyar. Hankalina ya tashi, na kai ƙara kotu a ba ni 'yata. Zaman farko alƙali ya ce min riƙo na uwa ne tunda ba ta yi wani auren ba, ni nawa ciyarwa, sai fa in akwai hujjar cewa ba ta kula da ita. Ku ji fa. Hatsi ni, sabulu ni, kuɗin Islamiyya ni, amma ganin 'yata sai na hau mota zuwa Kano na tsaya a ƙofar gidan da ba a ƙaunar ganina? Raina ya ɓaci, ban san lokacin da na buɗe baki ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, a duba ƙafar yarinyar. Murhun awarar uwarta ne ya yi mata haka."

Uwar ta juyo ta kalle ni, ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ta ce, "Baban Nana, ka ji tsoron Allah. Da baƙin mai a ƙafa ka ajiye min ita a soro." Alƙali ya tambaye ta shaida, babu wanda ya ga lokacin da na ajiye ta. Maƙwabta kuwa da aka kira sun ce lallai yara na wasa kusa da murhun, kuma gaskiya suka faɗa. Kakar Nana ta wajen uwa ta rasu, don haka aka ce Nana ta zauna wajen tawa mahaifiyar, Inna, kafin a yanke hukunci, uwar ta riƙa zuwa ganinta ranar Juma'a.

To me na samu? Shari'a kullum ɗagawa ake, in bar haya in wuni a kan benci a ce a dawo. Inna ga ciwon gwiwa, kitso ma sai an roƙi maƙwabta. Nana da ta daina fitsarin kwance tuntuni ta koma yi. In uwar ta zo ta durƙusa ta gaishe da Inna, Inna ba ta amsawa, sai ta ce, "Mai ƙona 'ya'ya ta iso." Ni kuma ta bi ni da albarka wai na ceto jikarta, kowace albarka sai in ji kamar an watsa min ruwan zafi. A Kibiya na ji wasu sun hana yaransu zuwa sayen awarar uwar Nana. Haushin kotu nake ji, haushinta nake ji da ta ce sai Kano, amma wa ya sauke yarinyar ta dama? Ni ne.

Zaman da ya wuce alƙali ya ce tunda ta musa, in zo da alwalata zan rantse da Alƙur'ani, kuma a zo da yarinyar ya ji ta bakinta. Da kunya nake faɗa, tun daga ranar nake koya mata, in Malam ya tambaye ki ki ce murhu. Jiya na ɗauko ta daga Islamiyya, ta tattare ƙafafunta a kan tanki yadda take yi tun ranar nan, sai ta ce, "Baba, in na ce murhu Umma za ta yi kuka. In na ce babur, kai za a kama?"

Na dai ci gaba da tuƙi har muka iso gida. In na faɗi gaskiya Nana ta tafi Kano, Inna kuma ban san da wane ido zan kalle ta ba. In na rantse, na dafa littafin Allah a kan ƙarya, na kuma sa 'yata ta yi wa uwarta sharri a gaban alƙali. Zaman ranar Litinin ne, kuma yarinyar har yanzu amsata take jira. Don Allah jama'a, me zan yi?