Na Sayi Keke Mai Abokin Gaba

Anti Noelene, don Allah ki taimaka mini kafin ranar Litinin.

Na gama digiri a fannin ƙididdiga a watan Yuli, na samu aiki a wani ofishi mai nisan kilomita bakwai da mita ɗari huɗu daga gidan da muke haya. Ban taɓa mallakar keke ba, don haka sai da na yi mako biyar ina bincike. Na auna tsawon ƙafata sau uku. Na rubuta tambayoyi goma sha tara, na je wurin wani dattijo mai suna Warwick da ke sayar da nasa, na yi masa su ɗaya bayan ɗaya: birki, sarƙa, taya, har da ko ya taɓa faɗuwa da shi. Ya sayar mini da araha, ya ƙara mini da hular kwanonsa ruwan ɗorawa, yana cewa, "Ɗauki, 'yata, ni na gama da keke."

Ran biyu ga Satumba, ƙarfe takwas da minti goma sha huɗu, ina wucewa ta gindin bishiyar turaren da ke bakin filin wasa, sai na ji ƙwas a ƙeyata. Magfai ne, tsuntsun nan baƙi da fari. Na san lokacin ƙyanƙyasarsu ne, kowa yakan sha sara ɗaya ko biyu. Amma ni a kwana tara ya kawo mini hari sau talatin da ɗaya. Ranar Asabar na laɓe a bayan shinge na ƙirga masu keke arba'in da shida, ko kallonsu bai yi ba.

Na ɗaura wa hular tsinkayen roba ashirin da huɗu, ta koma kamar bushiya. Na liƙa mata manyan idanu biyu a baya. Thuy, wadda muke haya tare, ta ce, "Ke, yanzu ai ba a sanin ko tafiya kike ko dawowa." Tsuntsun kuwa ya ɓalle idon hagu ya tafi da shi.

Jiya na koma wurin Warwick. Da ƙyar ya faɗa mini cewa bara ya jefi tsuntsun da takalmi, a kan wannan keken, da wannan hular. Ya ce, "Ai ba ki tambaya ba, 'yata." Na duba takardata, gaskiyarsa ne.

Na makara sau huɗu, saboda nakan tsaya daga nesa ina jiran tsuntsun ya juya baya. Kunya ta sa na ce wa shugabata, Misis Karalis, taya ce ta yi faci, duk sau huɗun. Ta ce mu zauna ranar Litinin, ga shi ban gama watannin gwaji ba. Ranar Laraba kuma garin kauce wa tsuntsun na faɗa tsakiyar titi, sai da wata bas ta taka birki. Thuy ta ce in sayar da keken in ja bakina, kamar yadda aka yi mini. Ni kuwa ina tunanin in je in ba tsuntsun haƙuri a madadin Warwick, sai dai ban san yadda ake yi ba.

Mai Ƙeya Ɗaya Tak, Canberra

'Yata Mai Ƙeya,

Kin iya sayen keke, har na so masu karatu su yi koyi da ke. Kuskurenki ɗaya ne, kin karɓi tsohuwar hular kwano. Ba a sayen ta hannu, ko kyauta ba a karɓa, domin ido ba ya ganin tsagewar da ke cikinta. Gobe ki sayi sabuwa wadda ta kama kanki, mai wani launi dabam. An tabbatar magfai yana riƙe fuskar mutum. Ko yana riƙe hula, ba zan rantse ba, amma ba ki yi asara ba.

Warwick bai kyauta ba, kada ki zama shi. Tsuntsun kuwa uba ne mai gadin 'ya'yansa, kuma doka tana kare shi. Da 'ya'yan sun tashi, cikin mako shida ko makamancin haka, zai manta da ke.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne bas ɗin nan. Tsuntsu zai iya fasa miki kunne, amma mota kashewa take yi. Ki fita da wuri da minti goma sha biyar, ki canza hanya in akwai wata. In babu, ki sauka tun kafin bishiyar, ki sa tabarau, ki tura keken a hankali har ki yi nisa. Gudu ne yake harzuƙa shi. Kada ki kai masa duka, kada ki sake kaucewa zuwa titi. Haƙurin da yake fahimta ke nan.

Ranar Litinin ki faɗa wa Misis Karalis gaskiya. Ba wanda zai yarda da faci huɗu, amma duk wanda ya girma a garin nan zai yarda da tsuntsu ɗaya. In ta kai hannu ta shafa bayan kunnenta kafin ta ba ki amsa, to ita ma ta taɓa shan sara, aikinki yana nan. Allah ya tsare hanya, ya ba ki sa'a.

Anti Noelene