Alkakin Hajiya

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ya gida, ya yara, ya sanyin Jos? Da fatan jikin Abbansu da sauƙi.

Yaya, likita ya ce maigidana yana da ciwon suga, ga shi ko talatin bai cika ba. A littattafan da nake karantawa, tsofaffi kawai yake kamawa. An ce in bai kiyaye ba, zai taɓa masa ido da ƙoda.

Ya hana ni gaya wa mahaifiyarsa. Jiya da muka je gidanta a unguwar Koki ta tura masa alkaki da zuma gabansa, ta ce, "Ci mana, ka rame." Ya cinye uku, wai ba zai mayar da hannun Hajiya baya ba.

Gobe zan gaya mata, ko da zai yi fushi. Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rumaisa