Hagu Baya, Dama Gaba

Da sunan Allah na ɗauki biro. Ni ne mahaifinku, mai gyaran keke, ina rubuta wannan da hannuna a bakin gado, da rana tsaka, ba wanda ya tsaya a kaina. Ƙafafu sun ƙi, numfashi ya zama na lallaɓawa, amma hankalina yana nan daram. Mai shakka ya turo keke mai ƙara ta bayan tagar nan, zan gaya masa ko boris ne ko sarƙa ba tare da na leƙa ba. Likita ya yi ta kewaye-kewaye, ni kuwa na gane inda ya dosa. Wanda ya ƙare rayuwarsa yana gaya wa mutane cewa tayarsu ta gama aiki, ba sai an sha wuya wajen yi masa irin wannan bayani ba.

Ku uku nake yi wa magana, Babba da Ta-tsakiya da Auta. Uwarku ta san abin da ke ciki, na karanta mata, har ta gyara mini wuri biyu. Ba dukiya ce ta sa ni rubutu ba, don ba ta kai a ɓata takarda a kanta ba. Abin da ya zaunar da ni shi ne jikata, 'yar Babba, wadda nake kira Ƙararrawa. An hana ta hawa keke, makarantarta tana neman kuɓuce mata, ubanta da baffanta kuma ba sa gaisawa. Zan zo kan wannan. Bari in fara kawar da ƙananan abubuwa daga hanya.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa, ku kira waɗanda suka san rabon gado su raba, kada ɗayanku ya mai da kansa malami. Roƙona kawai shi ne a bar uwarku a ɗakinta. Ta saba da inda rana ke faɗowa a ciki, kuma ba ta da shekarun koyon sabon ɗaki.

Na biyu. Kayan mutane. Zarton ƙarfen da ke rataye a bayan ƙofar shago na mai walda ne. Ya daɗe a wurina har ya yi kama da nawa, amma ba nawa ba ne. A mayar masa, a sa masa sabon baki. Kekunan nan da ke jingine a lungun baya, waɗanda masu su suka kawo gyara ba su dawo ba, amana ne. Jan na malamin da aka canza wa wurin aiki ne, mai kariyar katako ta ɗaukar kaya kuma na mai kifi ne. Auta, na san idonka yana kan ƙafar bayan jan nan. Ka ɗauke idonka. A nemi masu su, in sun rasu a nemi 'ya'yansu.

Na uku. Shago da kayan aiki, sifanoni da filaya da makullin ɗaure wayoyin ƙafa da sauransu, na riga na ba Auta da raina, a gaban uwarku da mai walda. Kyauta ce, ba ta cikin gado. Shi ne ya ɗauko hannuna, Babba kuwa tun yana yaro in giris ya taɓa masa riga sai ya wuni yana kumbura. Ban ga laifinsa ba, kowa da inda abincinsa yake, nasa yana ofis. Famfon iskar da ke ɗaure a bakin shago ya ci gaba da zama a waje. Duk wanda ya zo ya ba tayarsa iska ya wuce, ba a karɓar ko sisi. Yawancin masu kawo mini gyara a wurin famfon nan muka fara gaisawa.

Na huɗu. Ta-tsakiya, ke ce ba ki taɓa koyon keke ba, amma 'ya'yanki duka suna hawa, kuma kekunansu su ne suka fi na kowa shan wahala a dangi. Ki riƙe waɗannan, ki riƙa yi musu tuni. Kafin a hau, a danna taya da babban yatsa, in ta lotsa a ba ta iska, don taya mai laushi ita ke cin tub ta kuma karya ƙafar keke. Sarƙa ana goge ta kafin a ɗiga mata mai, kuma ɗigawa na ce, ba wanka ba. Baƙin man da suke roƙa a gareji su kwarara mata, yashi yake tarawa ya cinye haƙoran. In taya ta yi faci, kafin a mayar da tub a shafa cikin tayar da yatsa a nemo ƙayar da ta yi ɓarnar, in ba haka ba za a yi facin sau biyu. A kuma bar sholisho ya sha iska kafin a manna, mai gaggawa shi ke dawowa gobe. Keke ba ya kwana a ruwan sama. In ya fara wata ƙara da ba a san shi da ita ba, a tsaya a duba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ranar da za ki saya wa ƙaraminsu nasa, kada ki bi fenti. Ki ɗaga ƙafar keken ki juya ta, ki ga ko tana rawa. Tsohon keke mai ƙashi ya fi sabo mai ƙyalli, kuma kada ki sayi wanda ya fi shi tsawo wai don zai girma ya same shi. Kafin ya girma ya sha ƙasa.

Ke kuma na sauke miki wani kaya. Kin gaji da ɗaukar saƙo tsakanin yayanki da ƙanenki, kina rage masa zafi a hanya. Na sani, don na ji saƙon a bakin mai aikawa na kuma ji yadda ya isa. Allah ya saka miki. Daga yau ki daina. Mai magana ya taka da ƙafarsa.

Na biyar. Maganar da ta sa ni rubutu. Zan faɗe ta yadda ta faru, don kowannenku rabi yake faɗa.

A shagona akwai ƙa'ida tun kafin a haife ku: birkin baya a hannun hagu, na gaba a hannun dama. Haka na koya wa duk yaron da na riƙe wa sirdi, haka na koya wa Ƙararrawa. In kin zo gangara, hagu za ki fara matsawa, dama sai a hankali. Ta riƙe wannan har ya zama hannunta ne ke yi, ba tunaninta ba. Akwai ƙa'ida ta biyu: wanda ya gyara keke shi zai fara hawansa, ya kai ƙarshen layi ya dawo, kafin ya miƙa wa mai shi.

Da daminar bara wayoyin birkin kekenta suka yi tsatsa, aka kawo wa Auta. Ranar shago ya cika, kuma tun safe yana fama da kekunan gwanjon nan da ake shigowa da su, waɗanda birkinsu a juye yake zuwa, gaba a hagu, baya a dama. Hannunsa ya bi abin da ya wuni yana yi. Ya sa mata sababbin wayoyi masu kyau, ya ɗaure su tsaf, amma a juye. Bai hau ba. Washegari yarinya ta kama hanyar makaranta, ta zo gangaren da ke kafin gada, ta matse hagu kamar yadda kakanta ya koya mata. Ƙafar gaba ta kafe, ita kuma ta wuce ta saman kan keken. Wuyan hannunta ya karye, haƙori ɗaya ya gutsure.

Auta, laifinka ne. Ba zan shafa masa mai ba, kai ma ba ka taɓa musu ba. Ba juya wayar ne ya fi ba ni haushi ba, hannu yana kuskure. Rashin hawan ne. Da ka taka shi ko zuwa bakin kwata ne, da ka ji a jikinka. Amma na ga abin da ya biyo baya. Na ga ka rame, na ga yanzu ko ƙararrawa ka ɗaura wa keke sai ka hau ka zagaya layi, har masu shagunan kusa suna yi maka dariya. Abin da ban gani ba shi ne ka je gidan yayanka ka tsaya a gabansa. Kunya ta hana ka, ka ce jira kake ya huce. Fushi irin wannan ba ya hucewa don an bar shi, daskarewa yake yi.

Babba, a ƙofar asibiti, a gaban mutane, ka ce wa ƙanenka, “Da ka kashe mini ita ka huta.” Uba ne ya yi magana, ban riƙe ka da ita ba, duk da ta yi nauyi. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wa ya karɓo keken daga shago? Kai ne. Ka taso daga ofis da farin wando, ba ka so sarƙa ta ɓata shi, sai ka turo keken har gida da hannu. Ɗan mai gyaran keke, ka yi tafiyar nan duka riƙe da kan keke, yatsunka suna kan birki, ba ka matsa ko sau ɗaya ka ga wace ƙafa ce ta tsaya ba. Ban faɗi wannan don in raba laifin biyu ba, na Auta ya fi yawa. Na faɗa ne don ka san tsautsayin ta hannu biyu ya bi kafin ya kai gare ta.

Yanzu ku dubi wanda ke biyan kuɗin fushinku. Hannunta ya warke tuni. Kai Babba ka sa wa kekenta kwaɗo, ka ce ba ɗanka da zai ƙara hawa. Makarantar tana can bayan gada, motar haya ba ta bi ta nan sai an yi sa'a. Tana fita da sassafe a ƙafa, ta isa an rufe ƙofa, ta dawo a gajiye ta kwanta a kan littafi. Shekarar jarrabawarta ce. Na ji uwarta ta fara cewa ko a haƙura da wannan shekarar, ni kuma na san yadda irin haƙurin nan yake ƙarewa. Yarinyar da ke ɗaukar na ɗaya ko na biyu a aji ce ake wannan magana a kanta. Abin yana ci mini rai fiye da ciwon da ke ƙirjina.

Ta zo gaishe ni kwanan baya. Na tsokane ta, na ce amaryata ta zama matsoraciya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Kaka, ni ba keke nake tsoro ba. Tsoro nake in ce ina so, Baba ya ƙara jin haushin Baffa.” Ku ji abin da kuka ɗora wa yarinya.

Na shida. Kekena baƙi, wanda ya kai ni ko'ina ya dawo da ni, na bar wa Ƙararrawa. Ita ba ta cikin magada, don haka wasiyya ce, kuma bai kai abin da wani zai ce na wuce iyaka ba. Ba nata tsohon za a buɗe ba, wannan ya tafi da abin da ya faru a kansa, a ba 'ya'yan Ta-tsakiya. Nawa tayoyinsa sababbi ne, boris ɗinsa na wanke da kananzir na sa giris kafin in kwanta. Sirdin kawai za a sauke, ta yadda in ta zauna ta sa diddige a feda ƙafarta za ta miƙe. A saya mata hular kwano, kuma ta riƙa ɗaure igiyar, ba ta ɗora ta kamar kwanon awo ba.

Abu ɗaya ya rage a keken. Ba shi da birki. Ranar da na ɗan ji ƙarfi na sa uwarku ta turo shi ɗakin nan, na zare wayoyin biyu da hannuna. Suna ƙarƙashin katifata. Ga yadda nake so a yi. Auta ne zai mayar da su, ba wani mai gyara ba, kuma a ƙofar gidan nan, ba a shago ba. Babba zai riƙe masa kan keken yana kallo. Hagu baya, dama gaba. In an gama, Auta ya hau ya sauka gangaren gada ya dawo. Sannan Babba ya hau ya sauka gangaren shi ma, ko da wane wando ne a jikinsa. In ya dawo ya gamsu, shi da kansa zai miƙa wa 'yarsa. In bai gamsu ba, ya faɗa wa ƙanensa abin da ya ji, baki da baki, a sake ɗaurewa.

Ban ce sai kun rungumi juna ba, ban ce wani ya yi kuka ba. Aikin ba ya ɗaukar lokaci, kuma mutum biyu ba sa ɗaura birki ba su yi magana ba.

Na gaya wa Ta-tsakiya kada ta jira sai na tafi, ta tara ku ta karanta muku wannan a makon nan. Tagar ɗakina tana kallon titi, na kuma sa an juya mini gadon. In Allah ya nufa in gani, na gode masa. In bai nufa ba, ba abin da ya canza a cikin abin da na rubuta.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya albarkaci abin da kuka haifa, ya tsare ku a hanya, hawa da gangara. Ku kula da uwarku, ku riƙa zuwa mata tare, ta gaji da girki biyu don kada ku haɗu. Ku riƙe 'yar'uwarku, ku riƙe juna, kada gidan nan ya watse a bayana. Kuma ko ina nan ko ba na nan, ranar da aka koma makaranta kada yarinyar nan ta tafi a ƙafa.

Mahaifinku.